Tirelar Lahadi

A layin nan babu mai kiransa da sunansa na yanka. Baƙin Allo ake ce masa, shi ma yana amsawa. Shagonsa na tsakanin na tela da na mai gilashin ido. A ciki akwai injin fotokwafi da sai ya yi tari kafin ya fitar da takarda, da firinta, da bencin masu jira, da fanka da ta gaji da juya kai ta zaɓi bango guda tana hura masa iska. A can ƙurya kuma ga kwamfutarsa ta kansa, wadda ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Duk wanda ya leƙa zai ga allonta baƙi ƙirin, fararen haruffa na gudu kamar an koro su. Daga nan sunan ya samo asali.

Linux ya sa mata. Wato irin babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows, sai dai ita kyauta ce kuma cikinta a buɗe yake, duk mai iyawa zai iya sa hannu ya gyara, wanda bai iya ba kuma ya ɓata. Ka zo buga takardar neman aiki, sai ka tafi da takardarka da laccar da ba ka nema ba. Tela yakan ce, «Wannan in ka tambaye shi ƙarfe nawa, daga wanda ya ƙera agogo zai faro.»

Duk surutun nan a shago yake ƙarewa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsu ɗaya aure ya kai ta nesa. A ɗakin da ke bayan shagon yake kwana. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, kujeru biyu, ɗayar wanki ne ke zama a kanta.

Yana da ƙane, Auta, ma'aikacin jinya a wata ƙasa mai nisa. Wayarsu ba ta wuce gaisuwa. Ya aiki? Lafiya. Ya yara? Lafiya. To a gaishe su. Daga nan sai shiru ya shigo tsakani ya miƙe ƙafa, har ɗayansu ya ce kamar layin ba shi da kyau, alhali layin garau yake.

Auta ne ya kawo maganar wasan. Wasan kwamfuta ne na tuƙin tirela, babu bindiga babu jini. A loda maka kaya, ka kama hanya, ka kai wani gari. Mutum biyu na iya haɗuwa ta intanet su yi ayari, suna tafe suna jin muryar juna. Mahaifinsu direban tirela ne, Allah ya jiƙansa, kuma tun suna yara daga hon ɗinsa suke gane ya dawo, gajere biyu, dogo ɗaya. Auta ya aiko wa yayan nasa sitiyari na wasa har da totur da birki, aka ɗaura shi a gefen tebur. Tun daga nan, duk Lahadi da rana Baƙin Allo yakan ja ƙofar shago, ya sa lasifikar kunne, ya bi bayan koriyar tirelar Auta. Ashe bakin da ya ƙi buɗewa a waya, in ido na kan titi buɗewa yake. Ko da yake, a faɗi gaskiya, bakin yayan ne ya fi buɗewa. Auta zai ɗauko zance, kafin ya kai tsakiya an karɓe masa.

Wasan don Windows aka yi shi. A kan Linux sai ta hannun wata ƙaramar manhaja da ke tsayawa a tsakani kamar tafinta, tana juya wa kowa maganar ɗan'uwansa. Auta ya sha cewa, «Yaya, ka ajiye Windows ko a gefe ne, saboda rana irin ta matsala.»

«Ni? Ai ko a mafarki na gan ta a kwamfutata sai na tashi na wanke ido.»

Yana da doka guda da yake taƙama da ita: ranar da wasa ya tashi lafiya, a ɗauke hannu. Duk wata ƙofar sabuntawa ya bi ya kulle ta, kada wani sabon abu ya shigo ya rikita masa tafinta. Haka aka yi ta tafiya lafiya lau, har ya fara ba kansa lambar yabo.

Wata Lahadi ya zauna, ya danna shiga ayari, wasan ya ce a'a. Na Auta ya sabunta kansa, nasa tsoho ne, kuma tsoho da sabo ba sa hawa titi ɗaya. Ya buɗe ƙofar da ya kulle, ya sabunta. Tafinta ta saurari sabon wasan, ta rasa abin da yake cewa. Da farko allo ya yi baƙi, wannan karon ba irin baƙin da yake so ba. Da ya taɓa wani abu, titi ya fito ruwan hoda, tirelarsa na shawagi babu tayoyi. Da ya sake taɓawa, wasan ya rufe kansa ko sallama babu.

Waya ta yi ƙara.

«Yaya, ina tasha ina jiranka.»

Baƙin Allo ya dubi allon. Ya ji «ai na faɗa maka» tana tafe tun daga wata ƙasa, da dariyarta a goye.

«Aiki ne ya taso min, Auta. Sai wani satin.»

Wani satin ma aikin ya taso, haka na bayansa. Lahadi ta zama ranar da yake zama cikin rufaffen shago, sitiyari a gabansa, yana bin dandalin intanet na masu irin cutarsa. Wannan ya ce shi kam nasa na aiki, kamar an tambaye shi. Wancan ya ce a koma tsohuwar tafinta. Wani ya rubuta cewa ya gyara nasa, na gode, bai faɗi yadda ya yi ba, ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Baƙin Allo ya gwada duk abin da aka ce, har da abin da aka ce kada a gwada. Wani lokacin sai ya tarar hannunsa na juya sitiyarin hagu da dama, babu titi.

Tela ya leƙo wata rana da tef a wuya.

«Direba, kwana biyu ban ji kana faɗa da 'yan sandan cikin kwamfuta ba. An ƙwace lasisin ne?»

«Mota na gareji.»

«Ka faɗa wa ƙanin naka?»

«In faɗa masa me?»

«Cewa bakanikenka ya gaza, kuma kai ne bakaniken.»

«Malam, je ka ƙarasa wandon mutane. Wanda ka ɗinka min har yau ƙafa ɗaya na gaba da ɗaya.»

Tela ya tafi yana dariya. Shi bai yi ba. Saƙon Auta na ƙarshe ya ce, «Ba komai Yaya, duk ranar da ka samu lokaci.» Tun daga nan bai sake tambaya ba. Sai a lokacin Baƙin Allo ya tuna abin da ya faru a tafiyarsu ta ƙarshe. Auta ya fara cewa bana ba zai samu zuwa gida ba, shi kuma ya tare shi da faɗa, wai mutum ya je waje ya manta ƙofar gidansu, har suka sauke kaya bai bar shi ya faɗi dalili ba. Satin da ya biyo baya aka fara «aiki ya taso». To me Auta zai ɗauka, in ba fushi ba? Ya ɗauki waya ya ajiye. In ya kira, ya aiki, lafiya, ya yara, lafiya. Bai san hanyar da ake bi daga nan zuwa sauran maganar ba in babu titi a gaba.

Gyaran daga ƙarshe wani baƙo ne ya kawo shi, mutumin da ko sunansa ba ya karantuwa, ya ɗora gyararriyar tafinta a dandalin. Baƙin Allo ya sa ta ranar Asabar. Titi ya dawo baƙi, tayoyi suka dawo ƙasa. Ya ɗauke hannu da sauri kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

Ranar Lahadi ya shiga ba tare da ya sanar ba. Koriyar tirelar na fake a tasha, ita kaɗai, injin a kunne.

«Yaya?»

Ai kuwa Baƙin Allo ya gyara zama ya fara: aiki ne ya yi yawa, ga injin fotokwafi ya dame shi, ga wannan, ga wancan.

«Yaya, kai ne? Ba na jin komai.»

Ya ƙwanƙwasa makirufo, ya zare ya mayar. Gyararriyar tafintar ta iya kawo murya, ba ta iya kaiwa ba. Akwai wurin rubutu a gefe, ga waya kuma a kan tebur. Ya dube su duka biyun. Sannan ya ɗora tafin hannu a tsakiyar sitiyari, inda hon yake: gajere biyu, dogo ɗaya.

Da Auta ya yi magana, muryarsa ta sauya.

«To Baba ya dawo.» Ya ja hanci. «Kana ji na kenan. In e ne ka danna sau ɗaya, in a'a sau biyu. Fushi kake da ni?»

Sau biyu, da sauri.

«Ba ka da lafiya ne?»

Sau biyu.

Auta ya ce, «Yaya. Linux ɗin ne?»

Tun da aka ƙera hon ba a taɓa jin wanda ya fito a sanyaye kamar wannan ba. Sau ɗaya, ɗan siriri.

Dariyar ta zo kamar yadda ya zata, har da tari. Amma «ai na faɗa maka» ba ta zo ba. Auta ya ce, «Mu je, ka biyo ni,» koriyar tirelar ta hau titi.

Sun yi nisa kafin Auta ya fara. Ya ce asibitin sun rage ma'aikata, shi ya tsira amma yanzu aikin mutum biyu yake yi, abin da ya hana shi zuwa kenan. Ya ce babbar 'yarsa ta daina amsa masa da Hausa. Ya ce duk Lahadin nan yana zuwa ya faka a tasha, ya kunna injin, ya zauna, don a gidansa na can kaf babu wanda ya san ƙarar motar Baba sai shi. Yana magana yana tsayawa, kamar mai jiran a karɓe masa, ba a karɓe ba, sai ya ci gaba. Baƙin Allo kuwa amsa yake ta bayarwa da ƙarfi, da shawara, da faɗa, da «haba Auta», duk fanka da bencin masu jira ne suka sha. Can ya gaji ya yi shiru. A tsawon rayuwarsa bai taɓa jin ƙaninsa ya kai ƙarshen zance ba sai ranar.

Da suka sauke kaya Auta ya ce, «Sai Lahadi, Yaya?»

Sau ɗaya, mai ƙarfi.

Ya cire lasifikar kunne. Shagon ya dawo yadda yake, fanka na hura bango.

Washegari da safe ya samu maganin makirufon a dandalin. Layi ɗaya ne tak, a rubuta a baƙin allo a danna. Ya rubuta shi tsaf, yatsansa na kan maɓallin, tela ya leƙo.

«Direba, mota ta fito daga gareji?»

«Ta fito.»

«To me kuma kake taɓawa?»

Baƙin Allo ya daɗe yana duban layin. Ya goge shi harafi bayan harafi, ya tashi ya kunna injin fotokwafi, ya tsaya yana jira ya gama tari.