Habibu da jirgin da ban je na gani ba

Ina tashar Gaya ina lodi da safen nan aka ce min Habibu mai gyaran janareta ya rasu. Zazzaɓin kwana uku. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sauke fasinjojin na ba su haƙuri.

Tun firamare muke tare. Shekara huɗu yana haɗa jirgi mara matuƙi a bayan shagonsa, wanda zai tashi tsaye daga inda yake da batir, in ya hau sama injin fetur ya karɓa. Burinsa ya riƙa kai magani ƙauyukan bayan Ajingi in damina ta yanke hanya.

Ni kuwa direba ne, kun san ba za mu shirya ba. Ni nake ɗauko masa batir da farfela daga Kano, ina sauke masa ina tsiya: "Wato abincina za ka kashe ko? Mota da direba ma ya ta ƙare, balle fanka a sama."

Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ajiye a hankali, Danladi."

Bai taɓa fushi ba. Ranar da wayarin ɗin motata ya kama da wuta a hanyar Balan, cikin ruwa ya zo a babur ya gyara, ya ƙi ko shan shayi. Rabin unguwarsu a solarsa suke cajin waya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Ajingi ce. Ya riƙe ƙofar motata ya ce an cire gyaɗa a gonar kawunsa a Kademi, fili ya samu, zai gwada jirgin da kaya. Ya ce, "Ka zo don Allah. Kai nake so ka gani."

Na ce masa in jirgin ya ɗaga buhu ya kira ni. Na ja mota.

Ban je ba.

Ranar gwajin ya turo min bidiyo. Na gani, na ce sai na samu sarari. Kwana shida yana zaune a wayata. Sai ɗazu, bayan mun dawo daga maƙabarta, na buɗe.

Wallahi ya tashi. Da ƙullin gyaɗa tiya uku ɗaure a cikinsa ya miƙe tsaye har ya wuce kan ɗorawa, injin ya kama, ya zaga gonar ya sauka a karkace. Ana ta kabbara. Sai Habibu ya juyo da wayar fuskarsa, duk gumi, ya ce, "Danladi, bai kai buhu ba tukuna. Kuma kwantar da hankalinka, inda motarka ba ta shiga zai je."

Na kalla ya fi sau goma, ina kuka kamar ba babba ba. Tsiya kawai nake masa, a raina na daɗe da yarda zai iya, ban taɓa faɗa masa ba.

Na rubuta masa, "Na gani, mutumina, ya tashi." Saƙon bai shiga ba, wayarsa a kashe take.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiyarsa da iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya yafe min.