Nafaƙar da Na Yafe

Shekarar da otal ɗin Jarwal ya sallame mu, mu matan ɗakin wanki, ina zaune a unguwar Utaibiyya da 'ya'yana biyu, aurena ya mutu. A Makka aka haife ni, takarduna na 'yar ƙasa ne, don haka na nemi tallafin marasa aiki kamar kowa.

Aka hana ni. Ma'aikaciyar ofishin ta ce ai ina da abin shiga: nafaƙar yara da alƙali ya yanke wa tsohon mijina. Na gaya mata tun da aka yanke sau ɗaya ya taɓa bayarwa, sai buhun shinkafa da azumi. Ta ce ita hukuncin alƙali take gani. Ko in kai shi ƙara a tilasta masa, ko in yafe gaba ɗaya.

Ga shi kuwa ɗan gwaggona ne. Na sami Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"'Yar nan, uban 'ya'yanki za ki sa a rufe wa asusun banki? Da wane ido za ki dubi dangi ranar Idi?"

Na yafe. Shi da kansa ya kai ni kotu a motarsa, da fara'arsa, har ya tsaya ya saya mini lemo a hanya.

Tallafin ya fito, amma na ɗan lokaci ne, ya ƙare ban sami aiki ba. Muka koma unguwar Ka'akiyya, ɗaki ɗaya a bayan wani gareji, ina toya waina ina kai wa masu shaguna. Da idon babbar 'yata ya fara ciwo, likita ya ce sai tabarau, na kira uban.

"Uwar yara, ke kika ce ba kya so. Halas, magana ta ƙare."

Maƙwabciyata ce ta saya mata.

Bara, a bikin wata 'yar'uwarmu, ina zagawa da tiren shayi na ji Gwaggo tana shaida wa mata cewa ɗanta ya so ya ciyar da 'ya'yansa, ni ce girman kai ya sa na mayar masa da kuɗinsa a gaban alƙali. Matan suna ta jinjina kai. Na durƙusa na miƙa mata kofi. Ta kurɓa, ta ce sukarin bai ji ba.