Jif ɗin Baba da Geron Tsaskiya

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin mutane, jif ɗin Baba ta fara ƙara. In ya tayar da ita da safe sai ka ji kacar-kacar kamar an watsa cokula a tukunya, can kuma ta yi shiru. Baba tsohon hedimasta ne a Safana, ba a gyara masa magana. Ya ce ina kwana take yi masa.

Na ce, "Baba, wannan ba gaisuwa ba ce, kuka ne."

"Uwata, sakandare kika gama ko kanikanci?"

Sai da na ishe shi da mita muka kai ta wajen wani bakanike a Batsari. Mutumin ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a marikin kamar likita.

"Malam, taimin cen ce. Sarƙa ce a cikin injin, ita ke sa fistin da bawul kowa ya motsa a lokacinsa. Ta saki. Ranar da ta tsallake haƙori, karo za su yi. Yaushe rabonka da juye?"

Baba ya kalli sama. Ni na amsa. Na ce baƙin man da maƙwabcinmu ya juye daga injin niƙa Baba yake tacewa da tsohon ɗankwalin Inna, ya ɗura wa motar. Bakanike ya yi salati, Baba ya harare ni. A hanyar gida sai ya ƙure rediyo. Gyaran da aka yi wa motar ke nan.

Da kaka ta yi muka tafi ɗauko geron gonarmu ta Tsaskiya, abincinmu na shekara. Lokacin ba mai barin hatsi ya kwana a daji, ba kuma mai son rana ta faɗi yana kan wannan hanyar. Aka cire kujerun baya, aka danƙara buhuna har rufi. Muna dawowa muka iske wani dattijo da amalanken shanu, Baba ya danna masa ham har ya ratse.

Saura kaɗan mu shiga Safana, a yashin wani rafi, Baba ya taka totur. Ƙas! Injin ya mutu. Rediyo kaɗai ke surutu. La'asar ta wuce, ba babur ko ɗaya. Baba ya yi ta murɗa makulli.

"Sauka ki tura."

"Ni da wa?"

Sai ga dattijon nan ya iso, ya tsaya yana kallonmu.

"Sannu da hutawa, Malam. In danna maka ham?"

Ya kwance bijimansa, ya ɗaura igiya a gaban jif. Haka muka shiga gari kafin magariba, shanu na ja, Baba na riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu.

Bakanike ya zo ya duba, ya ce injin ya tashi daga aiki. Gero kuwa ba a sauke shi ba, don Inna ta lura ɓera bai shiga motar, kaji ma sai dai su leƙa ta gilashi. Har damina daga nan muke ɗiba. Makullin ya koma bakin zanen Inna, in Baba na son ya zauna ciki ya ji labarai sai ya tambaye ta.