Tagar Inna Ishatu

Duk wanda ya taɓa sayen waina a Tudun Wada ya san Inna Ishatu, ya kuma san bakinta. Tun tana da ƙarfin juya tanda har ta sakar wa surukarta sana'ar, ba ta taɓa barin ta kwana ba. 'Ya'yanta kuwa kowa ta kira shi da suna ta wanke shi tas, ban da mutum ɗaya: ɗan farinta Kailani, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Da aka ce wa jikarta Zulfa, mai karatun aikin jarida, ta shirya ɗan gajeren fim na tarihi kafin ta kammala, Inna ta fara faɗo mata a rai. Ta zo da Ashraf, abokin karatunta mai riƙe kyamara, don su gwada hira kafin su kai wa malaminsu tsarin aikin.

"Inna, yaya sunan ɗan naki?" in ji Ashraf.

Inna ta kau da kai. "Yaron nan dai."

"Kin yi kuka da ya tafi?"

"Ni a wa? Kakarsa ce ta riƙe shi."

Suna fita zaure Ashraf ya taɓe baki. Wai tsohuwar ba ta da tausayi, wai ko ɗigon hawaye babu, wa zai kalli wannan? Gara a cire ta a sa Alhaji Nagoda na Gyallesu, shi ya iya labari. Ji min yaro! Nagodan da iyakar yaƙinsa gindin rediyo, shi za a ɗauka a bar uwar da ta rasa ɗa? Zulfa ta ji kamar ta shaƙe shi. Amma abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma haushin Inna take ji.

Ta kai ƙara wurin mahaifinta, Malam Jumare. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Ke ma ba ki san ta ba ashe. Da labarin mutuwarsa ya zo, kakarmu aka riƙa yi wa gaisuwa. Inna tana madafa tana tuƙa wa masu ta'aziyya tuwo, ba wanda ya ce mata ya haƙuri. Kin tuna rigimar da ta tayar da za mu toshe 'yar tagar ɗakinta lokacin gyaran gida?"

Haba jama'a! A hana mace kuka da sunan kunya, sannan bayan shekara hamsin da ɗoriya jikoki su zo su ce ba ta da zuciya?

Da hantsi Zulfa ta koma ita kaɗai da kyamarar. Ba ta tambayi suna ba. Ta ce, "Inna, ranar da ya tafi, ina kike?"

 Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe, ta ja ta har bakin 'yar tagar da ke kallon layi.

"Kowa ya raka shi tasha, ni ba hali. Nan na tsaya. Riga shuɗiya ce a jikinsa, da ƙullin wainar da na aika masa ta hannun ƙanwarsa. Ya san ina nan, amma shi ma kunyata yake ji, bai waiwayo ba." Ta goge bakin tagar da gefen zaninta. "Kafa abin naki a nan, 'yar nan. Ki ce wa mai son hawayen, ni iyakar yaƙin da na gani ke nan, ƙeyar yaron nan har ya sha kwana."