Atamfar Da Ban Saya Ba

Ni gurgu ne, gara in faɗa tun da wuri kada wani ya wahalar da kansa wajen nema min suna mai taushi. Shan inna ta kama ni tun bakina bai gama buɗewa ba. A Aliero aka haife ni, garin da ake kawo karaya daga nesa a ɗora, amma da mahaifina ya kai ni wurin masu ɗori sai suka jujjuya ƙafafun suka ce babu abin da ya karye balle su haɗa. Da hannu na tashi ina tafiya, silifa a kowane tafi, daga baya na sayi keken guragu mai feda a hannu. Ban taɓa bara ba. Dillancin albasa nake yi, kuma a shekarun da aka ba mu Jihar Kebbi manoman Jiga Birni da Jiga Makera da yawa ba sa sakin buhu sai sun ji ta bakina.

Da zan yi aure, gwaggon matata ce ta fi kowa ɗaga murya. A tsakar gidansu, ina daga zaure ina ji, ta ce da ita:

"Tahi ki aure shi. Zanen sadaka za ki ƙare da ɗaurawa."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji kamar ƙayar kifi. Ranar da matata ta tare na yi mata alkawari ɗaya, na ce muddin ina numfashi ba za ta ɗaura zanen da ba guminmu ba. Ta yi dariya ta ce ita ba ta tambaye ni ba. Na ce na sani, kaina na yi wa.

Mun daɗe ba haihuwa, sai Allah ya ba mu ɗiya a wata damina, ranar Lahadi. Duk wanda ya san mata ya san kayan fitar suna ba tufafi ba ne kawai. Ranar nan ake auna miji. Mata za su shafa zanen, su murza bakinsa, su tambayi inda aka saya, kuma amsar za ta zagaya unguwa kafin tuwo ya huce.

A lokacin an buɗe wani babban kanti a Jega. Na wani Alhaji ne, attajirin hatsi mai manyan motoci, ya je Ikko ya gano irinsa ya dawo ya gina. Gilashi daga sama har ƙasa, fankoki na juyawa, ka shiga ka ɗauki abin da kake so da hannunka, babu tayi babu albarka. Wata maƙwabciya ta ba matata labarin wata atamfa mai ruwan ganye da ta gani a can. Matata ba ta ce in saya mata ba. Ta dai ambace ta, kwana ya zaga ta sake ambatonta, ni kuwa ba yaro ba ne. Abokina direba ya ce in ba shi saƙo ya taho da ita. Na ce a'a, wannan da hannuna zan taɓa ta, in ɗaga ta a haske, in biya.

Ranar Juma'a na sa farar shaddata, aka ɗora kekena a bayan akori-kura, muka nufi Jega. Da na san abin da Juma'a take nufi a ƙofar kantin nan da na jira Asabar.

An ɗaga ginin sama sosai saboda ruwan damina. Matakala ce doguwa mai santsi, ba ƙarfen dafawa, ba wata hanya ta gefe. A gindinta kuwa guragu da makafi da kutare ne a jere, domin duk Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji yana raba sadaka a wurin. Wani dattijo a cikinsu ya matsa ya ce in zo ga wuri. Ban ji haushinsa ba, alheri ya yi nufi. Na gaishe su, na ajiye keke, na zura silifa a hannu na kama hawa.

An yi ruwa da safe, kowane takalmi ya bar nasa taɓon a kan matakalar, ni kuma na kwashe shi duka da shaddata. Mutane suna ratse ni, masu hawa da masu sauka, wasu suna tattare riga. Na kai sama ina haki, sai ga sanda a gabana. Maigadi ne, tsohon soja, ya kai sa'an mahaifina.

"Kai, ina za ka? Koma ƙasa, can a ka rabawa."

Na ce, "Baba, ba bara niz zo yi ba. Saye niz zo yi."

"Dut haka ku ka cewa."

Ya ga hannuwana a cikin silifa babu inda zai sa min, sai ya sunkuya ya jefa ƙwandala a aljihun gabana. Na ji ta sauka a kan kuɗin da na zo da su. Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Daga inda nake a ƙasa ina hango cikin kantin ta gilashi. Ga atamfofi nan turmi kan turmi, a kan kanta mai tsawon da ko an bar ni na shiga sai na roƙi a miƙo min. Na ga mai ruwan ganyen, ba ta ɓuya. Zuciya ta ɗebe ni na ɗaga murya, murya kuwa ina da ita, da ita nake cin abinci a kasuwa. Manaja ya fito, wani saurayi ɗan Maiyama ɗaure da laktaye.

"Yi haƙuri, malam. Hwaɗi abin da ka ka so a ɗauko maka nan."

Na nuna masa atamfar da yatsa, na ce amma ba ɗauko min nake so a yi ba, shiga zan yi kamar kowa. Ya dubi shaddata, ya dubi daɓen kantin mai sheƙi. Ya ce Alhaji ne ya hana, wai mabarata suna damun masu saye. Na ce to ina ake kai kuka? Ya ce duk wani koke wurin Alhaji ake kai shi, a zaurensa, bayan la'asar. Ya koma ciki abinsa. Saukowa ta fi hawa wuya, da baya na yi ta, jama'a na kallo.

Zauren Alhaji cike yake da masu buƙata, wannan rufin ɗakinsa ya zube, wancan matarsa na asibiti. Ni ma a cikinsu aka zaunar da ni. Zan faɗi gaskiya, Alhaji ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan har gobe. Da mugu ne da na zage shi na huta. Da layi ya zo kaina ya tambayi ɗan wane ne ni, ya ce ai ya san mahaifina. Ya tambayi abin da ya kawo ni kanti, na ce ɗiya aka haifa min, suna jibi. Fuskarsa ta washe. Tun daga nan bai ƙara jin ko kalma ɗaya daga bakina ba.

Ya sa aka kira maigadi. Tsohon nan ya durƙusa a gaban mutane, Alhaji ya wanke shi tas. Maigadin ya ɗago ya ce, "Ranka shi daɗe, ai kai kac ce kada a bar su..." sai 'yan zaure suka yi masa ca, ya haɗiye sauran.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban zaka don a ci mutuncin tsoho ba. So ni kai a bar ni in shiga, in zaɓa da hannuna, in biya kuɗɗina. Kuma a yi muna wurin hawa."

Alhaji ya yi dariya irin ta masu kirki.

"Kai da sake hawan wagga matakala? Allah shi kiyaye! Tahi gida ka huta. Ɗiyarka ɗiyata ta, kayan suna na wuyana."

Na buɗe baki in ce ba haka ba, sai wani malami a gefensa ya ɗaga hannu ya ja fatiha. A wurinmu in aka shafa fatiha a kan magana, ta mutu. Wanda ya sake tono ta shi ne mara kunya. Zaure ya ɗauki amin, na duba sai na ga hannuwana ni ma a sama, taɓo bai gama bushewa a kansu ba.

Na koma gida da niyyar gobe da sassafe in dawo kasuwar Jega in sayi kowace irin atamfa a rumfa, inda ba matakala. Ban kai ga fita ba motar kantin ta shigo unguwarmu tana hon, da maroƙi a bayanta yana zuba wa Alhaji kirari. Aka sauke shinkafa, da sabulu, da turmin atamfa. Mai ruwan ganye. Ashe manaja bai manta da wadda na nuna masa ba.

Na ce su mayar. Mahaifina ya fito, ya tsaya a kaina ya yi magana ƙasa-ƙasa:

"Ba a mai da kyautar babba. In kam mai da, ka zage shi, kuma motocinai ka ɗaukar albasarmu. Ka yi godiya."

A gaban jama'a ɗa ba ya musa wa ubansa. Na yi godiya. Ina jin muryata tana fita kamar ta wani.

Duk da haka na tafi Jega na sayo tawa a kasuwa, wata shuɗiya, ba laifi. Kafin in dawo matan gida sun kai ta Alhaji wurin tela, almakashi ya riga ya shiga. Suka ce matan Alhaji sun aiko za su zo suna, ina za a sa fuska in suka ga mai jego da wani zanen?

Ranar suna ina ƙofar gida da maza na ji guɗa ta tashi a ciki. Na san matata ta fito. Na ji mata suna ta Allah shi saka ma Alhaji, ya rufa ma bawan Allah asiri. A cikin muryoyin na tsinci ta gwaggo, ba ta ko rage ta ba:

"Mi nic ce maku tun hwarko?"

Wani manomin Jiga Makera da na shekara ina sayar masa da albasa ya dafa kafaɗata, yana dariya, shi a ganinsa yabo ne:

"Ashe ka iya, mu ka cewa ba ka bara! Kai dai babba ka ka yi."

Labarin ya koma Jega da irin wannan fassarar. Juma'ar da ta biyo baya wasu daga cikin masu zama a gindin matakala suka kama hawa suna ihu, ko Allah zai sa su ma a kai su zaure. Ba a daɗe ba aka kira maƙeri ya kafa ƙofar ƙarfe a ƙasan matakalar, maigadi ya sauko ya koma nan da zama. Abin da kukana ya gyara a kantin ke nan.

Ni da matata mun daɗe ba mu ta da maganar ba. Tana ɗaura atamfar lokaci-lokaci, in ta ɗaura sai in sami abin yi a waje. Ta yi mata kyau, ban taɓa ganin zanen da ya karɓe ta haka ba. Sai da ɗiyarmu ta fara tafiya, wata rana tana ninke wanki, na kasa daurewa na ce me ya sa ba ta jefar da ita ba. Ta ci gaba da ninki, ba ta dube ni ba.

"Direban motar kantin yac ce kai kan nuna ta da yatsa ta bayan gilashi. Nic ce ko ba komi, idonka yaz zaɓa man."

Ta miƙo min ita a ninke, ta ce in ji laushinta. Na ce ta sa a akwati. Har atamfar nan ta tsufa, ta koɗe, ta koma tsumman goge tukunya, ban taɓa sa mata hannu ba.