Adireshin Dogo

Dogo direban babbar mota ne, shekara goma sha tara yana tsallaka iyaka da lodin siminti. Yakan manta takalminsa a tasha, amma takardar inshorar motarsa kullum tana cikin leda a aljihun ƙirjinsa. Abokan aiki har tsokanarsa suke yi, wai ya fi lallaɓa ta a kan uwar 'ya'yansa.

Wan matarsa ne ya yi masa inshorar, wakilin wani kamfani da ke ƙetaren iyaka. Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka mai surutu da tebur mai ɗingishi. Da yake Dogo ba ya kwana biyu a gida, sai ya yi abin da direbobi suka saba, ya ba da adireshin ofishin a matsayin nasa.

"Duk abin da ya zo, Yaya, kai ne idona," in ji shi.

Ana nan sai ƙasashen biyu suka sauya doka: kamfanin ƙetare ba zai ƙara ɗaukar nauyin motocin wannan ɓangaren ba. Hukuma dai ta yi nata, ta sa a aika wa kowa wasiƙa: ka sa hannu cikin wata uku, a mayar da kai kamfanin gida, ba ka rasa komai ba. Dogo ya tsinci zancen a rediyo, ya kira Yaya.

"Kwantar da hankalinka, ƙanena. Wannan na manyan 'yan kasuwa ne."

Wata biyar bayan haka birki ya tsinke masa a gangare. Ya diro da karaya a hannu, motar ta ci wuta ƙurmus yana kallo. Ko a gadon asibiti shi ke lallashin matarsa, yana dafa aljihu.

Ranar da ya je ofishin, Yaya sai gumi yake yi, fanka kuwa na juyawa.

"Sun ce wa'adi ya wuce, ba ka cikin lissafin kowa. Wallahi ni wasiƙarka ba ta iso nan ba."

Dogo ya dafa tebur da hannunsa mai lafiya. Tebur bai motsa ba. Shekara da shekaru yana ɗingishi, yau ya tsaya daram. Dogo ya sunkuya, ya zaro abin da aka tokare ƙafar da shi. Ambulan ce ninki huɗu, sunansa ɓaro-ɓaro a jiki, an yanke bakinta tsaf da reza. An karanta ta ke nan. Da Dogo ya ga wasiƙar ya sa hannu ya koma kamfanin gida, da Yaya ya rasa kamashonsa.

Ƙonewar motar ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba.

"Ka bari in yi maka bayani," in ji Yaya.

Dogo ya ciro ledar daga aljihunsa, ya ninke takardar da ya yi ta riritawa, ya tura ta ƙarƙashin ƙafar tebur.

"Ga wadda ta fi kauri, Yaya. Ni yanzu tunanina ɗaya, me zan je in gaya wa ƙanwarka."