Rakiyar Hurera Daga Batsari Zuwa Badun

Ɗis, ɗis. Ƙarar da na ji ke nan daga bayan randa wata safiya ina tankaɗe. Na ɗauka randar ce ta tsage. Da na leƙa sai na tarar da Hurera, 'yar ƙanena wadda nake riƙo tun da aka yaye ta, a durƙushe, ta tara tasa ƙarƙashin hancinta don kada jini ya ɓata mata zane. Haɓon nan bai tsaya ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Shekararta tara.

Daga nan sai zazzaɓi da kasala, tafin hannunta ya yi fari fat. Malamin asibitin garinmu ya tura mu Katsina, inda likita Bature ya duba jininta ya ce sankarar jini ce. Ya kwatanta mini da wuta-wuta a gonar gero: abu ya tsiro a cikin jinin yana cinye mai amfanin. Ya ce ba shi da maganinta, amma a Badun, wato Ibadan, akwai likitocin da ke gwada wani sabon magani a kan yara masu irin wannan ciwo. Ba su tabbatar da shi ba tukuna, gwaji ne. Zai buga musu waya su saurare mu. Sai ya ƙara da cewa, "Ki tafi da uwarta ko ubanta. Ba za su ba yaro maganin da ba su gama sani ba sai wanda ya haife shi ya yarda da bakinsa."

To nan gizo ke saƙar, domin Hurera 'yar fari ce. Kun san halinmu da kunyar ɗan fari: iyaye ba su faɗin sunansa, ba su ɗaukarsa gaban mutane, ba su nuna sun san yana gidan. Na rubuta wannan tafiya ne don 'yan'uwana mata da Allah zai jarraba da irin tawa, su san hanya, su kuma san abin da za su tarar.

Batsari zuwa Safana

Muna idar da sallar asuba maigidana, Malam, ya saɓa Hurera a kafaɗa zuwa bakin kasuwa. Shi aikin makaranta bai bar shi ya bi mu ba, sai ya haɗa mu da kawunsa, Baba Iro, bafataken goro wanda ya san kudu kamar ɗakinsa. Motar wani mai sayen gyaɗa muka samu. Direba ya dubi yarinyar ya ce a ba mu gaba, shi kuwa Baba Iro ya hau kan buhuna.

An kwana ana ruwa, saboda haka kafin Runka muka tarar an sauke shingen hanya, ba mai wucewa sai ƙasa ta tsane. Direba ya sauka ya sami mai gadin.

"Haba ranka ya daɗe, marar lafiya gare mu."

"Ni ma bayana ke ciwo. In tayarka ta huda hanyar hukumar En'e, kai za a kira gaban Baturen mulki Di'o ko ni?"

Da mai gadin ya zo ya leƙa ya ga fuskar Hurera, sai ya ɗaga sandar. Wata tsohuwa 'yar Karare da ke cikin motar ta miƙo mana dawon fura ta taga, ta ce in kai yarinyar wurin wanzami ya yi mata ƙaho. Na gode mata, amma likita ya riga ya gargaɗe ni kada aska ta taɓa jikinta, don jinin ba zai tsaya ba. Ku riƙe wannan.

Babban Duhu

Daga Safana jaki muka ɗauka. Hanyar yashi ce, gero ya nuna dama da hagu, Fulani na kora shanu gefe. Mun isa Babban Duhu, ƙauyen iyayen Hurera, bayan azahar, muka tarar da ƙanena Mamman ya dawo daga girbi. Muka gaisa, ya tambayi Malam, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, har akuyata ya tambaya. Ɗiyarsa tana kwance kan tabarma kusa da ƙafarsa, bai dube ta ba.

Na zayyana masa abin da likita ya ce. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Yaya, mi zan ce? Taki ce. Abin da kika yi daidai ne."

"Ba nawa bakin suke so ba, naka suke so."

"In tsaya gaban Bature in ce mishi mi? Wallahi ko an tsaga ni ba ni iyawa. Ga gero kuma a tsaye."

Na shiga wajen matarsa Dije, uwar Hurera. Tana sussuka, ta ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada ta ji ni sosai. Da na gama ta ce, "Yaya, tafiya mai nisa haka, wa zai riƙe miki kaya? Bari in raka ki." Ba ta ce za ta raka ɗiyarta ba, ni ce za ta raka. Na karɓa a haka, na ce sauran Allah Ya san yadda zai yi da mu.

Tsaskiya, Dutsin-ma, Funtuwa

Da sassafe muka bi ta Tsaskiya muka faɗa Dutsin-ma, muka sami motar Funtuwa. Dije ta zauna can ƙarshen benci, ta juya mana baya. Amma na lura duk ramin da mota ta faɗa, sai hannunta ya zabura kamar za ta tare wani abu, sa'an nan ta mayar da shi cikin mayafi.

A Funtuwa muka kwana gidan wani abokin Baba Iro kusa da tasha. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka. Dije ta tsame naman da ke cikin nata kwanon ta tura mini.

"Yaya, ci."

"Na ƙoshi."

"To ki ba wanda bai ƙoshi ba."

Cikin jirgi

Jirgin ƙasa na Gusau ya kwashe mu zuwa Zariya, can muka canza zuwa mai zuwa Ikko. Kujerun katako ne, cike da fatake da sojoji da kaji. Maza na ta gardamar mulkin kai, Baba Iro na tsakiyarsu yana raba goro yana cewa shi dai ko wa zai yi mulki ya rage kuɗin jirgi. A Kaduna muka sayi ƙosai, a Minna lemo, a wata tasha kuma na fara ganin doya mai tsawon hannuna. Da muka hau gadar Jaba na ɗaga Hurera ta ga Kwara. Ta ce, "Gwaggo, wannan duk ruwan na mutum ɗaya ne?" Har Dije sai da ta yi dariya cikin mayafi.

Bayan Ilori haɓon ya dawo. Na rasa tsumma, sai na ji an cusa mini ɗankwali a hannu. Na waiwaya, Dije na kallon taga, kanta ba kallabi, leɓenta na motsi da salati.

Badun

Gari ne na jan kwano iya ganinka, ga zafi mai ɗanko. Muka sauka unguwar Sabo wajen mai masaukin Baba Iro, inda Hausa ke tashi kamar kana Katsina. Kashegari muka nufi asibitin, bene kan bene, har da ɗakin da ke hawa da mutane sama. Dije ta ce ita da ƙafarta za ta hau.

Suka ɗebi jini, suka kwantar da Hurera. Likitan ya zo tare da wata nas Bayarba mai jin Hausa. Da ya ji ina jin Turanci, albarkacin makarantar 'yan mata da na yi kafin aure, ya ce in yi tafinta. Ya yi bayani bai ɓoye komai ba. Maganin kaɗan ya iso musu, yara kaɗan za su iya ɗauka. Wasu ya sassauta musu, wasu bai yi musu komai ba. Sa'an nan ya tambaya, "Wace ce uwarta?"

Na nuna Dije. Dije ta dubi bango.

"Ke kika haife ta?" in ji nas da Hausa.

"Yaya ce ke riƙonta."

"Ba riƙo na tambaya ba. Yaya sunan yarinyar?"

Dije ta sunkuyar da kai. Nas ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai! Wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗiyarta ba? Ko dai sato ta kuka yi?" Na yi ta yi wa likita bayanin al'adarmu, cewa wannan shirun ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma da Dije ba ta damu ba da ba ta baro gida ana tsakiyar girbi ba. Ya saurara da kyau, ya ce ya gane. Amma ya ce maganin zai wahalar da yarinyar, kuma ba shi da tabbacin ƙarshensa, ba zai iya ɗora wa yaro haka ba alhali uwarsa na tsaye ta kau da kai. Ya ce mu je mu yi shawara zuwa gobe, domin akwai wani yaro a layi.

Ni kam na so in ji haushinsa, sai na kasa. Da ɗana ne, da zan so a tambaye ni. Na so in ji haushin Dije, ita ma na kasa, don ni ma ban taɓa faɗin sunan babban ɗana ba, har yau da nake wannan rubutu.

Likita ya juya zai fita, sai Hurera ta jawo gefen zanena.

"Gwaggo, mu koma gida. Kada a matsa wa Dije."

Haka take kiran uwarta, da suna, kamar yadda 'ya'yan fari kan yi. Dije ta juyo, ba ta dubi gadon ba, ni ta duba.

"Yaya, tsai da shi. Tambaye shi, maganin nan na warkarwa?"

Na tambaya. Ya ce bai sani ba, shi ya sa ake gwadawa. Abin da yake fata shi ne ta sami sauƙi na wani lokaci, kuma abin da za a koya a kanta ya amfani yaran da za su zo baya.

"Da ciwo?"

Ya ce za ta yi amai, bakinta zai yi gyambo.

"In na ga wahalar ta yi yawa na ce a bari, za a bari?"

Ya ce a ranar za a bari.

Dije ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, yadda ba mai ganin idonta. Daga cikin mayafin muryarta ta fito: "Hurera ɗiyata ce. Ni na haife ta, da damina, a ɗakin uwata. Na yarda a ba ta. Allah Shi ne mai warkarwa."

Ban iya fassarawa ba. Nas ce ta fassara, tana share ido da bayan hannu. Daga ranar kuwa ita ke kawo wa Dije dafaffiyar masara daga gidanta.

Mun yi kusan wata biyu. Duk abin da likita ya faɗa ya faru. Akwai kwanakin da ko koko ba ya wucewa, ina zaune ina tofa mata addu'a, ina tambayar kaina ko na kyauta da na kawo ta. A can, inda ba wanda ya san mu, Dije ke goge mata baki da auduga, tana cewa, "Hurera, daure, buɗe kaɗan." Sannu a hankali haɓon ya ɗauke, tafin hannu ya fara ja, har ta roƙi a sayo mata ƙuli-ƙuli. Aka sallame mu da ƙwayoyi, da sharaɗin likitan Katsina ya riƙa duba jininta, mu kuma koma in an kira mu. Likita ya sake jaddada mana cewa ciwon kwanciya ya yi, bai ce ya tafi ba.

Komawa

Hanyar da muka bi muka biyo. Tun daga Zariya na ga Dije ta fara ja da baya a kan benci, kafin Dutsin-ma ta koma can ƙarshe. A Babban Duhu an gama girbi, rumbuna sun cika. Mamman ya tarye mu, ya tambayi hanya, ya tambayi Baba Iro kasuwar goro, sa'an nan ya shiga ya kamo zakaransa mafi girma ya ɗaure a kan jakinmu bai ce na wane ne ba. Dije ta rako mu bakin zaure, surukarta da maƙwabta na tsaye. Ta ce, "Yaya, a gai da Malam. A kula da yarinyar nan."

Mun shiga Batsari ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa Malam, da Baba Iro da ya bar cinikinsa ya yi ta zaryar asibiti, da mutanen Sabo, da likitocin nan da ba su yi mana ƙarya ba. Wadda duk za ta bi wannan hanya, ta shirya bakin uwa tun daga gida, kada ta bari sai gaban likita. Gobe kuwa tana hannun Mai ita, muna dai roƙo.

Jiya ina taje wa Hurera kai a tsakar gida, sai ta ce, "Gwaggo, yaushe za mu koma Badun?"

Na ce, "Ke ba ki gaji da allura ba?"

Ta ce, "Na gaji. Amma can ne kaɗai Dije ke kiran sunana."